Yadda Za Ka Sa wa Injinka Fedar Ƙafa Ba Tare da Ka Tambayi Ƙanenka Ba

Kai mai injin sassaƙa ƙarfe, zauna ka ji. In ƙanenka mai gyaran wuta ya ɗaura maka akwatin nan na zamani mai ƙara gudu da rage shi, kana so ka riƙa tsayar da injin da ƙafa, ga hanya. Shekarata arba'in a wannan aiki. Ka bi ni, girmanka ba zai zube ba ko ɗigo.

Na ɗaya: Ka ƙi tambaya.
An ce matambayi ba ya ɓata. Ƙanne aka yi wa wannan magana. Wanda ka goya yana maka fitsari a baya, ko ya shekara sittin da furfura, Auta ne. In ya ce, "Yaya, bari in zo in haɗa maka," ka ce masa kana sassaƙa ƙarfe tun bai iya ɗaura wando ba.

Na biyu: Samo feda.
Tana ƙarƙashin keken ɗinkin matarka. Jira ta tafi kasuwa. In ta dawo ta ce, "Malam, ina fedata?" ka ce, "Ɓera." In ta ce ɓera bai iya kwance waya ba, ka ce ɓeran yanzu ba irin na da ba ne.

Na uku: Kashe wuta, ka jira.
Akwatin nan yana da riƙo kamar raƙumi. Ko ka kashe, yana ajiye sauran wuta a ciki. Jira 'yar fitilarsa ta mutu. Ni ban jira ba, na ga kakata da ta rasu.

Na huɗu: Littafin akwatin.
Yana da amfani ƙwarai. Ka naɗe shi ka tokare ƙafar benci.

Na biyar: Zaɓi rami.
Buɗe murfin, za ka ga ƙananan ramuka a jere, kowane da rubutu kamar sawun tururuwa. Ɗaya na tashi ne, ɗaya na tsayawa. Kada ka sa tabarau, maƙwabta na kallo. Sa wayar inda zuciyarka ta kwanta, ka ɗaure da sukundireba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kada ka gwada. Mai shakka ke gwaji.

Na shida: Kira shi ya gani.
Mayar da wuta, ka ɗaure ƙarfe a bakin injin da mabuɗin ɗaurewa. Shekara arba'in kana zagin masu barin mabuɗi a bakin inji, saboda haka kai ba za ka bari ba, ba sai ka duba ba.

Auta zai durƙusa ya leƙa akwatin, ya ce, "Yaya, wannan wayar a ramin tashi ka..."

Kada ka bari ya ƙarasa. Ka ce, "Ni za ka koya wa aiki?" Ka buga ƙafa a ƙasa, yadda ka saba in kana faɗa. Fedar tana wurin.

Na bakwai: Kada ka ɗaga kai.
Injin zai tashi da rugugi. Mabuɗin zai tafi da hular Auta, ya fasa kwanon rufi. Ka tsaya ƙyam. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Nawa a bokitin mai wankin mota ya faɗo.

Auta zai shafa kansa ya ji yana nan. Zai kashe wuta, ya jira fitila, ya matsar da wayar rami ɗaya. Ɗaya tak. Kai kuwa ka goya hannu a baya ka ce, "Madalla. Gwada ka na yi."

Zai ce, "Na gode, Yaya. Amma gwaji na gaba a bari in sayo hular kwano." Sannan ya zaro sabuwar feda daga jakarsa. Wai matarka ce ta kira shi tun shekaranjiya, ta ce ya zo da ita, ɓera ya dawo mata da tata.

Ka ce ka sani.

Wanda ya bi wannan ya rasa hula, rufi ko haƙori, babu ruwana. Ban san shi ba, ban taɓa ganin injinsa ba. Mai ƙorafi ya je wajen Auta, shi ne mai gyaran wuta. Ni ina bisa tsani ina toshe rufi. Tagar shan iska ce, da gangan na buɗe ta.