Kwarin da Na Gano a Hambug

Ko zan manta da komai na zamanin karatuna a Lyon, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a falon Alhaji Issufu ba.

Ina ɗan shekara biyar aka kawo ni Faransa daga Maradi, saboda haka abin da na sani na gida bai wuce tuwon Innata da doguwar gaisuwa ba. A tsakiyar shekarun tamanin, ina jami'a a Bron da ke gefen Lyon, aka kai ajinmu Hambug ta Jamus mu ga gidajen tarihi. Kwana huɗu kacal muka yi, amma na dawo kamar ni na gina garin. Ko gishiri aka ce in miƙo, sai na ce, "A Hambug kuwa..."

Tsakani da Allah na ji daɗin tafiyar. Akwai gidan zane-zane inda na ga zanen wani kifi har yawuna ya tsinke, akwai na tarihin birnin cike da ƙananan jiragen ruwa. Amma wanda ya tafi da ni shi ne gidan kayan al'ummomin duniya. A ɗakin Afirka na tarar da wani dogon duma mai ƙone-ƙonen ado, an kulle shi cikin gilashi. A jikin takardar bayanin na gane kalmar Hausa kaɗai, sauran duk Jamusanci ne (Jamusancina kuwa bai wuce "na gode" ba). Na dube shi da kyau, na yanke wa kaina ko mene ne, na ɗauki hoto.

To, ga inda matsalar take. Ina son Balki, ɗiyar Alhaji Issufu mai sayar da shadda a Montreuil, gefen Paris. Duk lokacin da aka yi masa maganar turo manyana sai ya ce, "Yaron kirki na, amma Bature na. Mi ya sani na gida?" Maganar nan ta daɗe tana cina. Sai na ƙudurta zan nuna masa.

Na aro injin haska hoto a bango, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Bayan azahar aka ci aka ƙoshi, aka ja labule. Falo ya cika da abokan kasuwar Alhaji da matansu. A gaba aka zaunar da mahaifiyarsa, Hajiya Kaka, wadda ta zo daga Maradi aka yi mata aikin ido (kaicona, aikin ya yi kyau sosai).

Na fara da kifi da jirage, ana ta "Masha Allah." Kaina ya kumbura. Sai na danno hoton ƙarshe, na gyara murya.

"Alhaji, wannan namu ne. Kwarin mayaƙan kakanninmu ke nan, a ciki suke zuba kibau masu dafi. Ku dubi bakinsa yadda ya yi ja. Allah kaɗai ya san jinin mutum nawa ne."

Mutanen falon suka kalli juna. Na ɗauka tsoro ne ya kama su, har na ƙara da cewa sai jarumi ake bari ya rataya shi.

Hajiya Kaka ta gyara tabarau, ta matso. "Ɗan nan, mi ka ce?"

"Kwari, Hajiya."

"Wannan ai zunguru na! In mace ta ƙunsa lalle, ciki take zura hannu kada shi ɓata shimfiɗa. Jinin da kake gani, lalle na. Uwarka ma da irinshi ta yi amarci a Maradi, ni na riƙe mata."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Matan suka faɗi kan juna, wata Hajiya tana "Wayyo cikina!" Alhaji ya cire hula yana share hawaye da ita. Daga ƙofar madafa na hango Balki ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina tsaye, hasken injin ya manna zungurun a gaban rigata, na rasa maɓallin kashewa. A raina na ce shi ke nan, aure ya tafi.

Da dariya ta lafa, Hajiya Kaka ta hana a kashe. Ta daɗe tana kallon bangon tana murmushi, tana ba 'yan mata labarin lallen aurenta. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Issufu, kai da kake zuwa Jamus sayen shadda, ko sau guda ka taɓa leƙa inda aka aje kayanmu? Shi ya nema, ganewa ce bai yi ba. A ba mu shi mu ƙarasa renonsa."

Alhaji ya mayar da hularsa. "To, Inna. Shi turo manyansa."

Bayan shekara guda, ranar da aka sa ni lalle, Hajiya Kaka ta kwance wani ƙunshi da ta sa aka kawo mata tun daga Maradi, sai ga zunguru. Ta kama hannuna a gaban kowa ta zura a ciki, ta ce, "Rataya kwarinka, jarumi."

Tun daga nan, in na shiga gidan tarihi na ga abin da ban sani ba, bakina nake kamawa in nemi tsohuwa.