Alewar Albashin Farko

"Wa alaikumus salam. Ɓatan kai ka yi? Gidan Naninka Kishwar yana can bayan kasuwa."

Dadi Shamshad ko ɗagowa ba ta yi ba. Tun da hantsi maƙwabciya ta tsegunta mata an ga jikanta Shehryar, ɗan ɗanta, rungume da gwangwanin alewar da ya saya da albashinsa na farko, ya shige gidan Kishwar, kakarsa ta wajen uwa. A zuri'arsu kuwa, bakin da aka fara sa wa alewar nan shi ne na gaba a zuciyar yaro. Kishi ya hana ta cin abincin rana, ita da ta raine shi.

"Haba Dadi, sassauta. A wurin aikinmu na amsa wayar Turawa, cewa suke mai haƙuri sanyi gare shi kamar kokwamba."

"Abin da ake yankawa a barbaɗe da gishiri? Kai wa Kishwar wannan kirarin, ita ce kokwambar da ta wuni a zafin ranar garin Multan."

"In mutum ya fusata kuma, su ce ya bugi rufin ɗaki. Ke da tsawon nan naki, sai an kawo tsani."

"Ja'iri! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wata ɗaya kana gwarancin Turanci, za ka koya mini haƙuri? Shekara arba'in ina tare da kakanka, ba a taɓa jin muryata a waje ba."

"Maƙwabta sun ce ƙarar ludayi ce ke danne ta."

"Ka ji butulu! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni da wankin kashinka, ita da lasar baki. Miƙo ragowar in ba akuya."

Ya ɗora mata gwangwanin a cinya. Ta jujjuya shi, ta bi bakin murfin da farce. Liƙin shago yana nan, ko ƙwarzane babu.

"To, uban me ya kai ka can?"

"Ita ta san shagon da ke yin mai laushi, ta marasa haƙori. Na kai mata ne ta duba ko na sayo daidai."

"Wato ita ma nata sun zube!"

Dariya ta ƙwace wa tsohuwa har mayafi ya zame. Ya ɓalle murfin, ya gutsuro, ya sa mata a baki. Ƙwalla ta cika mata ido, ta ce hayaƙin murhun maƙwabta ne.

"Rufe, ka kai mata sauran," in ji ta, tana tsotsa a hankali. "Ka ce mata ragowata ce."