Balaraba, Motar Malam Salihu, Ta Cika a Tsakiyar Kogi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, da kuma sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Malam Salihu mai gyaran agogo da rediyo, na bakin kasuwar Birnin Kudu, yake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan majalisa rasuwar motarsa, Balaraba. Ta cika ranar wata Asabar da hantsi, makonni uku da suka wuce, a tsakiyar mashigin kogi can ƙasar Gwaram. Shekarunta a duniya babu wanda ya sani, domin takardunta suna faɗin abu ɗaya, jikinta yana faɗin wani. A gidan Malam Salihu dai ta yi shekara goma sha huɗu.

Mai makoki yana neman afuwa bisa jinkirin sanarwa. Ya yi wa kansa alkawari ne ba zai fitar da ita ba sai ya san wanda ya kashe marigayiya. Shekara talatin yana buɗe bayan agogo, bai taɓa samun wanda ya tsaya haka kawai ba. Ko an yar da shi, ko an jiƙa shi, ko an bar wani mugun hannu ya taɓa shi. Bai ga dalilin da zai sa mota ta bambanta ba.

Ranar Laraba ta shigo gidan, shi ya sa aka raɗa mata wannan suna. Fara ce a takarda, a ido kuwa launin kunun gyaɗa. Tana da haƙuri da yunwa: allurar fetur ɗinta takan kwanta a ƙasa tun daga garin Kangire, ta kuma kai mutum gida. Da safe ba a yi mata gaggawa. Sai ta yi "kir-kir-kir" sau biyu kamar mai gyaran murya, a na uku ta ce "gurum", kajin unguwa su watse. Hon ɗinta kukan tsohuwar tunkiya ne mai mura, amma duk layin sun san shi. Ta kai mata tara asibiti haihuwa, ta raka gawa huɗu, ta ɗauki amaren da ba a ƙirga ba. Ba ta taɓa take ko ɗan tsako ba. Aibinta ɗaya da za a faɗa don gaskiya, ƙofar bayanta ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, abin da ya sa wani limami ya taɓa yin rabin sa'a a ciki yana jira a tuna da shi.

Ta rasu ta bar mai gidanta, Malam Salihu, da uwargida Barira. Ta bar safaya ɗaya mai faci shida, da jak, da jarkar ruwa, da dutsen da ake kara wa tayarta a gangara. Ta kuma bar Yunusa bakanike, wanda tun zuwanta babu wanda ya taɓa buɗe cikinta sai shi, wanda kuma yau kwana goma sha tara ke nan shi da Malam Salihu ba sa gaisawa, bayan abota ta shekara ashirin da biyar. Yadda aka yi haka yana cikin labarin ajalinta.

Malam Salihu ya daɗe yana ji a rediyon mutane, yayin da yake gwada su bayan gyara, cewa a wasu ƙasashe mutum yakan rufe shagonsa, ya tuƙa motarsa da kansa, ya bi kogi gari gari ba don kasuwanci ba, ba don biki ko ta'aziyya ba, don kallo kawai. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya faɗa a majalisa sai da aka yi dariya har wani ya ƙware. Bana da kaka ta yi, ya ce sai ya je. Kwana biyar, ba ta kwalta ba, ta hanyoyin ƙauye masu bin gaɓar ruwa, daga Birnin Kudu har Gwaram. Barira ta yarda, domin ƙarshen tafiyar ƙauyen mahaifiyarta ne, Dada.

Ana gobe tafiya aka kai marigayiya garejin Yunusa. Ya wuni a ƙarƙashinta. Da ya fito yana goge hannu ya ce, "Malam Salihu, ƙafafunta na baya sun gaji. Kada ka ɗora mata abin da ya wuce buhu biyu. Kuma kada ka sa ta a ruwa da kaya, wallahi zama za ta yi." Sannan ya daki bayanta ya ƙara da cewa, "In ka gaji da tsohuwar nan ka bar mini ita, injinta ya fi na yaran zamani." A lokacin dariya suka yi su biyun.

Kwana biyun farko marigayiya tana cikin ƙoshin lafiya. Ta bi burji, ta bi yashi, ta tsaya a inuwar giginya mai gidanta ya kalli masunta suna jefa birgi, ya kalli shanu suna iyo, kawunansu kaɗai a waje. Ya ce bai san ƙasarsu tana da kyau haka ba.

Sai dai a ƙasar nan ba a barin mutum ya kalli kogi shi kaɗai. A Surko wani da aka taɓa gyara wa rediyo ya hango motar, ya rantse ba za su wuce ba, aka sa musu buhun gero a but. A Yalwan Damai ƙanwar mahaifin Barira ta ba da rabin buhun gyaɗa da kabewa huɗu, kowace ta kai kan mutum. Gaba kaɗan aka ɗaura damin rake a sama. Wani tsohon abokin karatun allo ya kawo buhun masara, ya ce ko kallon godiya aka yi masa zai yi fushi. A kowane zango Malam Salihu yakan buɗe baki zai ce mota ta cika, sai ya ga fuskar mai kyauta, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Marigayiya ta fara tafiya hanci a sama. Duk ramin da ta faɗa sai ta ce "ƙiii", a hankali, kamar mai jin nauyin yin ƙorafi.

Sun shiga ƙauyen Dada ta doguwar hanya mai gada, suka kwana biyu. Ranar tafiya tsohuwa ta sa aka fito da buhu biyu na sabuwar shinkafa daga fadamarta, da zabi shida a kwando, da turmin kirya sabon sassaƙa. Malam Salihu yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ce, "Dada, ɗawainiyar ta yi yawa." Ta ce, "Yawa? Ni da na zaci motar babba ce. Ku ɗora masa." Aka ɗora. Sannan ita da matan gidan suka yafa mayafi suka yi musu rakiya har bakin mashigi, domin Malam Salihu ya ƙudura ya rufe yawonsa da ƙetare kogin da ya yi kwanaki yana kallo.

A bakin ruwa akwai wani dogon mutum, Abdulnasir, shugaban masu dakon kaya a mashigin. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Alhaji, a sauke kaya. Mu ƙetare da su a ka, ita ta bi wayam. Haka ake yi a nan." Malam Salihu bai taɓa zuwa Makka ba, kuma a saninsa duk wanda ya kira shi Alhaji akwai abin da yake hari. Ya dubi ruwan, ya ga wata mace tana ƙetarewa bai wuce gwiwarta ba. Ya waiga, ya ga Dada a tsaye bisa gaɓa ta riƙe ƙugu tana kallon kyautarta. Ya za a yi a sauke shinkafar suruka a zube a ƙasa, a gaban idonta, kamar ana cewa ta yi nauyi? Ya ce, "Bar shi, malam, ta saba." Abdulnasir ya ce, "Yashin tsakiya ba ya riƙe nauyi, Alhaji." Ya sake faɗa. Sannan ya ja gefe ya ce, "To, Allah ya fisshe ku."

Marigayiya ta shiga ruwa da bismilla. Ta yi rabi lafiya. A tsakiya ƙafafunta na baya suka nutse, cikinta ya zauna a yashi, ruwa ya taso. Mai gidanta ya taka mata wuta. Ta yi tari uku, ta ce "ƙwas", ta yi shiru. Ba a ƙara jin muryarta ba. Zabin ne kawai suka ci gaba da kuka. Mutanen Abdulnasir suka shigo suka kwashe kayan a ka, duk da haka, a gaban Dada. Shanun huɗa huɗu suka jawo gawar zuwa gaɓa, wata motar kaya ta ja ta har gida a ranar.

Daga ranar Malam Salihu ya shiga bincike. Ya zargi mai sayar da fetur a galan da suka tsaya wurinsa, ko ya yi gauraye. Ya zargi masu dako, ko su suke haƙa rami a tsakiyar mashigi don su sami aiki. Har Dada sai da ya auna a zuciyarsa: wanda ya ba ka abin da ya san ba za ka iya ƙi ba, kuma ba za ka iya ɗauka ba, alheri ya yi maka ko hukunci? Ya kwana biyu a kan wannan, ya bar ta, don bai sami inda zai kama ta ba.

Amma duk inda ya zaga sai ya dawo kan maganar nan: "In ka gaji da tsohuwar nan ka bar mini ita." Wa ya wuni a ƙarƙashinta? Wa ya san ranar tafiya? Wa ya yaba injinta? Kwana biyu da dawowa, a majalisar bakin kasuwa bayan la'asar, mutane cike, Yunusa yana zaune a ƙarshen benci, Malam Salihu ya ce, "Wanda ya taɓa ta na ƙarshe shi ya san abin da ya kwance." Yunusa ya miƙe. Ya ajiye kofin shayinsa da saura a ciki, ya sa takalmi ya tafi. Washegari ya aiko da makullin motar na biyu, wanda yake hannunsa shekara goma sha huɗu.

Don ya tabbatar da zarginsa, mai makoki ya ɗauko wani bakanike daga Gwaram, baƙo, wanda bai san kowa ba. Mutumin ya buɗe gawar ya duba, ya ce, "Ruwa ta sha, ka kuma taka mata wuta, inji ya tafi. Amma duk notin da na taɓa a ɗaure yake tam. Ga bel sabo, ga tiyon burki sabo. Wanda yake yi mata aiki ba ƙaramin so yake yi mata ba." Malam Salihu bai san da bel ba, bai san da tiyo ba, Yunusa bai faɗa masa ya sa su ba. Duk da haka sai da ya ce wa Barira, "Bakanikai bakinsu ɗaya ne. Wa ya sani ko sun yi waya?"

Barira tana tsince shinkafar Dada a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, Yunusa ya ce buhu biyu. Nawa muka ɗora?" Ya fara ƙirgawa da yatsu. Ta ce, "Mutumin bakin ruwa sau nawa ya ce a sauke?" Ya ce ai kunyar Dada ya ji. Ta ce, "Dada da kanta take sauke wa jakinta kaya a mashigin nan tun ban yi wayo ba. Da ka waiga ka gan ta riƙe da ƙugu, mamakinka take yi."

Malam Salihu ya ɗauki wannan magana ya tafi da ita shago. Ya buɗe ta kamar bayan agogo, ya duba ko'ina, bai sami inda ta karye ba. Mutum biyu sun gaya masa gaskiya, ya zargi ɗaya da kwaɗayin inji, ɗayan da kwaɗayin lada. Mutum biyar sun ɗora masa nauyi, ya yi musu godiya.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa tana kwance a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, an rufe ta da tamfol. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, liman ya riga ya ja kunne. 'Yan gwangwan da suke ta zarya da kurarsu su haƙura, ba za a ba su ko murfin taya ba. Mutum ɗaya ne ya cancanci ya kwance ta, kuma injin da ya yaba, in akwai abin da ya rage a ciki, nasa ne. Shekaranjiya aka dafa shinkafar da ta yi ajalinta, aka aika da kwanon farko gidan Yunusa, da makullin nan a ɗaure a jikin murfi. Jiya kwanon ya dawo a wanke, babu makulli, sai sufanar kwance noti ɗaya a ciki. Mai makoki ya jujjuya ta yana neman abin da ake nufi, har Barira ta karɓe ta ce, "Kayan aikinsa ya fara aikowa, Malam. Shi ma yana tafe. Ka bar sufanar ta huta."

Za a yi zaman makoki ranar Laraba bayan la'asar. Kafin a zauna, Malam Salihu zai fara biyawa ta majalisar bakin kasuwa, inda ya yi maganar, ya janye ta a gaban waɗanda suka ji ta, don haka ana roƙon duk wanda yake wurin a ranar ya halarta. Daga nan a dunguma zuwa gida. Akwai shinkafa da miyar kabewa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada kowa ya zo da tsaraba.

Masu tambaya ko an gano wanda ya kashe ta, an gano shi. Za su same shi a kan tabarma a ƙofar gida, shi ne mai karɓar gaisuwa.