Malam Sallau Da Gungumen Ice

Malam Sallau malamin kimiyya ne, irin mutanen nan da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Baki gare shi kamar reza, amma aikin ƙarfi, ko tsinke bai cika son ɗagawa ba. Ran nan ya gayyato shugaban makarantarsu cin abincin rana, don yana harin kujerar shugaban sashen kimiyya. Sai aka yi rashin sa'a gas ya ƙare ana tsakiyar girki, ba abin da ya rage a gidan sai wani gungumen kirya da ya shekara a bayan madafa.

Matarsa Lantana ta ce ya taimaka ya faskara mata. Malam ya naɗe hannun riga, ya kai sara, gatari ya yi tsalle ya dawo. Ya ƙara, kirya ko gezau. Gumi ya karyo masa, ga kunya, ga baƙo na hanya. Sai ya jingine gatarin ya gyara murya, da ma dabararsa ke nan in abu ya gagare shi.

"Lantana, kin san wannan wahalar duk ci baya ce? Wutar ice da ta gas makamashin sinadari ne. Ƙwayoyin zarra ne kawai ke sakin hannun juna su kama na wasu, su kansu ba abin da ke taɓa su. Shi ya sa zafin bai taka kara ya karya ba."

"To," in ji Lantana, idonta na kan tukunyar da ta huce.

"Amma nukiliya fa? Can cikin cibiyar ƙwayar ake shiga a fasa ta gida biyu! Ƙarfen yuraniyom kamar girman goro sai ya yi miki girkin shekaru. Wallahi da a wata ƙasa aka haife ni, da yanzu ina can ina wannan aikin."

"Ikon Allah! Ita ƙwayar, Malam, yaya girmanta?"

Daɗi ya kama Malam, yau ya samu ɗaliba a gida. "Ai ido ma ba ya ganin ta."

Daidai nan aka rangaɗa sallama a ƙofar gida. Lantana ta ɗauko gatarin ta miƙa masa hannu biyu cikin ladabi.

"Ungo, Malam. Fara fasa wanda ido ke gani tukuna."