Ɓeran da Rahotonku Ya Ce Babu Shi

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Kula da Muhalli,
Kamfanin Sabon Layin Dogo na Kwarin Wendle.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ofishinka na nan da ɗuminsa. Mutane da dama, in suka ga wani ɗan abu mai gashi ya yi tsulum cikin rafi, sai su ce ɓeran bola ne. Ni ma haka na ɗauka kafin in fara koyarwa. Ɓeran bola tsinin baki gare shi, kunnuwa a waje, wutsiya tsirara. Ɓeran ruwa kuwa fuskarsa a dunƙule take, kunnuwansa na cikin gashi, ciyawa yake ci, kuma doka ta hana a rushe raminsa. 'Yan ajina masu shekara tara sukan gane bambancin cikin mako guda. Rahotonku mai shafi ɗari biyu da goma bai kai ga ganewa ba, shi ya sa na ce bari in taimaka.

Na ɗaya, muna godiya da masanin da kuka turo ya binciki rafinmu. Ya zo a tsakiyar Janairu, lokacin da ɓeran ruwa ke lafe a ƙarƙashin ƙasa, kwana biyu bayan ambaliya ta wanke gaɓa tas. Wa ya zaɓa masa ranar, ranka ya daɗe? Ya cancanci ƙarin girma. Dattijo Cuthbert Ollerton, wanda gonarsa ke bakin rafin, ya ce mutumin ya tsaya a kan gada minti ashirin, ya ci burodinsa da cuku, ya koma mota. Ya ce da ni: "Malama, shekarata saba'in a gaɓar nan, ban taɓa ganin takalmin ruwa mai tsabtar nasa ba. Ko coci a shiga da shi."

Na biyu, rahoton ya ce babu alamar ɓeran ruwa, babu ta karen ruwa, sai 'yan ɓerayen bola. Daga Afrilu zuwa yau ni da yarana mun ƙirga ramuka talatin da ɗaya, da tarin kashi sha huɗu, da ciyawar da aka datse a karkace, yadda ɓeran ruwa kaɗai ke yi. Kashin karen ruwa kuwa, da ƙayar kifi a cikinsa, yana kan dutsen da ke ƙarƙashin gadar, daidai ƙasan inda masaninku ya ci burodi. Ba laifinsa ba ne. Gada ba ta da taga a ƙasa.

Na uku, mun karɓi littattafan zane da kuka raba wa makarantarmu kyauta, masu hoton ɓeran ruwa sanye da hular kwano yana ɗaga hannu daga tagar jirgi. Yara sun shafa masa launi da murna. Sai Imogen, wadda ta gano raminmu na farko, ta ɗaga hannu ta ce: "Malama, in babu shi, wa ya zauna suka zana?" Na ce mata zan tambayi manya. To ga shi na tambaya.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami: ranar Litinin katafilarku za ta kankare gaɓar. Watan Mayu muke ciki. Akwai 'ya'ya a cikin ramukan nan, idonsu bai ko buɗe ba, balle su gudu. Ba mu ce kada jirgi ya wuce ba, mu ma muna son zuwa birni da wuri. Roƙonmu a dakatar da katafila, a sake bincike yanzu da dabbobin ke gida.

Kada ka dogara da maganata, ranka ya daɗe, zo ka gwada da kanka. Ranar Asabar ƙarfe goma na safe muna gindin gada. Abin da sauƙi: ka durƙusa, ka buɗe ciyawa da hannu, ka duba. Kashin karen ruwa kuma sai ka shinshina, kamar sabuwar harawa yake ƙamshi, yara za su nuna maka yadda ake yi. Akwai shayi da kek. Cuthbert ya ce zai ara maka takalminsa, ya riga ya sha laka, ba sai ka ɓata naka ba.

In ka duba ka ga babu, shi ke nan, mun yarda. Sai dai kai za ka faɗa wa Imogen da bakinka.

Taka mai biyayya, mai durƙuso a gabanka kamar yadda take durƙuso a bakin rafi,

Rosalind Pennock
Malamar aji huɗu kuma jagorar Ƙungiyar Yaran Rafi