Ranar da Kyamara Ta Ɗauki Hancina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kawo Baba Tsoho, kakan matata, shagon hotona da ke Ikara. Dattijo ne da ya ƙare ƙarfinsa a noman masara a Kurmin Kogi, kuma in ka cire na katin zaɓe, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Jiki ya fara yi masa nauyi, gida babu hotonsa ko ɗaya, shi ya sa surukina, babban ɗansa, ya yi ta lallashi har ya amince. Amma da sharaɗi: "Sau ɗaya zan zauna. Ana dannawa zan tashi."

Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Na sayi babbar kyamara (ta hannu ce, amma ban gaya wa kowa ba) mai tsarin ɗauka kala-kala. Akwai danna ɗaya hoto ɗaya, akwai wanda take zubo hotuna a jere, akwai kuma wanda in ka danna take ɗan jira ka ruga ka tsaya gabanta. Da safen nan na haɗa mai jiran da mai jeren, ina ta ɗaukar kaina da sabuwar hula (kar ka tambaye ni irin tsayuwar da na yi). Na manta ban mayar ba.

Bayan doguwar gaisuwa na zaunar da Baba, surukina ya tsaya a gefensa. Baba ya haɗe rai tamau, irin na dattawanmu da ke ganin murmushi a hoto rashin kamun kai ne. Na gyara fitilu cikin isa, na ce, "Baba, kar a motsa." Na danna.

Shiru. Fitila ba ta haska ba. Gumi ya keto min. Na zagayo gaban kyamara, na kafa ido cikin gilashin, har ina hura masa iska.

Fau! Fau! Fau! Haske ya dalle min fuska. Na yi baya a firgice, na harɗe da wayar fitila, na zube daɓas a gaban surukina, hula ta gangara ƙarƙashin kujera. Kyamara kuwa ba ta fasa ɗauka ba.

Baba ya tuntsire da dariya. "Kai mijin jikata, ni aka kawo hoto ko kai?" Ya dogara sandarsa ya miƙe. "To, an danna. Na tashi."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dama ɗaya aka ba ni, na ɓarar.

Sai da suka tafi na iya dubawa. Hotunan farko ƙofofin hancina ne zalla. Amma na ƙarshe, ga Baba fes, kai a ɗage yana dariya, ya riƙe hannun ɗansa. Ni kuma tafin takalmina kaɗai ya fito a kusurwa.

Bayan girbin waccan shekarar Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ranar da na kai wa surukina hoton, ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Na ce zan yanke takalmin. Ya ce, "A'a, bar shi. Shi ya sa tsohon dariya. Allah ya yi maka albarka."

Yanzu kafin kowa ya zauna sai na duba tsarin ɗauka. Amma ina gode wa Allah da ban duba ba ranar nan, don hoton da ya fi kowanne kyau a aikina, ina kwance a ƙasa aka ɗauke shi.