Wayar Malam Labbo Ta Rasu, Ta Bar Magajin da Ba a Sani Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba tare da kwanciyar hankali ba, Malam Labbo dillalin shanu na Katuru yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Juma'a bayan la'asar, tana tsakiyar magana.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Tun da hanya ta lalace da 'yan fashi, Malam Labbo ya daina ɗaure kuɗi a ƙugu, duk abin da ya samu a kasuwar Shinkafi banki yake kwana, har da kuɗin shanun mutane. Ita ke gadi. Kowace Juma'a takan yi "ƙirrr, tin-tin," ta kawo rahoton manhajar tsaron bankin. Malam ba ya karanta Turanci, amma ya san lamba, ya kuma san jan layin da ke sama, mai nuna sau nawa baƙo ya taɓa ƙofar asusunsa aka kore shi. Ya riƙe ta kamar karen gida: in ta yi haushi ya yi addu'a, in haushin ya ragu ya yi hamdala.

Bayan sallar layya haushin ya ɗauke ɗif. Mako ya bi mako, jan layi babu komai. Malam ya ce ɓarawo ya gaji, har ya saya wa marigayiya sabuwar riga. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kare yakan yi shiru idan ya saba da mai shigowa ba.

Ashe dab da lokacin ne ciwon ajali ya kama ta. Ciki ya kumbura, jiki ya yi zafi, caji ba ya zama. Saboda haka ta riƙa wuni a rumfunan masu caji, daga Shinkafi har Jangeru, a hannun da ya sani da wanda bai sani ba, alhali lambar buɗe ta ba ɓoyayya ba ce ga duk wanda ya taɓa zama kusa da shi.

Ranar da za ta cika, ƙanwarsa Sa'ida, malamar asibiti daga Zurmi, ta zo gaisuwa, ta karanta masa rahoton har ƙasa, inda idonsa bai taɓa sauka ba. Wayoyin da asusun ya amince da su guda biyu ne. Malam Labbo kuwa waya ɗaya gare shi a duniya. Sa'ida na laluben inda za ta cire ta biyun, marigayiya ta yi "tin" sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi. Tsoro ya kama Malam, irin wanda bai taɓa ji a kan hanya ba.

Ta bar caja mai ɗaurin roba, da riga sabuwa, da layi guda, da kuma 'yar uwar nan da babu wanda ya san a aljihun wa take.

Za a rufe ta a gwangwanin madara bayan an zare layin. Ba za a yi zaman makoki ba, domin masu shanu sun fara sallama a ƙofar gida. Ranar Litinin da sassafe za a ɗauki hanyar Kaura Namoda, a jira banki ya buɗe, a ji abin da ta bari. Ana roƙon jama'a su taya da addu'a, su kuma sanar da wanda bai ji ba. Mai riƙe da waya ta biyu ba sai an wahala an sanar da shi ba, ya riga kowa sani.